Barton, garin jan rufi a bakin Humber

Daga tashar Hull, a gabashin Ingila, na shiga bas mai zuwa Scunthorpe, wadda ke tsallaka gadar Humber ta fara tsayawa a Barton. An buɗe gadar a 1981, kuma tsakanin dogayen ginshiƙanta biyu akwai mita 1,410 da babu abin da ya tokare ta daga ƙasa. Wanda ya zauna kusa da taga zai ga abin da ya kawo ni tun kafin ya sauka. A gaɓar kudu, bayan tudun ƙasar da aka yi don tare ruwa, kududdufai ne jere cike da ciyawar fadama, a tsakaninsu kuma dogayen rumfuna masu jan rufi da bututun hayaƙi na bulo. Hannu ne ya haƙa kududdufan nan, kamar dai na cikin birnin Kano da aka samu daga ɗibar ƙasar gini. Ƙasar da ta fita daga cikinsu tana kan rufin gidaje da rumbunan gonaki a gabashin Ingila.

Humber shi ne inda kogunan Trent da Ouse suka haɗu suka nufi teku. Ruwansa jawur yake saboda laka, kuma lakar da ya daɗe yana ajiyewa a gefensa ita ce yumɓu mai laushi, marar tsakuwa da yawa, wanda ya dace da tayil na rufi. Irin tayil ɗin da aka san yankin da shi ana ce masa fantayil. Idan ka dube shi ta baki, lanƙwasarsa kamar harafin S ne a kwance: kwari ɗaya da ruwa ke bi, sai tudu ɗaya da ke hawa kan gefen na kusa da shi. Daga Holan ya fara shigowa Ingila a ƙarni na 17, shi ya sa har yau a garuruwan gabas masu fuskantar Holan aka fi ganinsa. Lokacin da gwamnati ta cire harajin tayil a 1833, ta kuma cire na bulo a 1850, sana'ar ta bunƙasa. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 masana'antu fiye da goma ne ke aiki a gaɓar Barton kaɗai. Jiragen ruwa masu filafilai su kwashi tayil zuwa Hull da garuruwan cikin ƙasa, su dawo da kwal daga Yorkshire. Yumɓu a bayan gida, ruwa a ƙofar gida, kwal a tsallake.

Tayil na kankare ne ya karya kasuwar bayan yaƙin duniya na biyu, don ya fi arha kuma inji na fitar da shi rani da damina. Masana'antun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sunan da ya rage a Barton shi ne William Blyth, kamfanin da ya faro a 1840, mai wuri biyu: Hoe Hill a gabashin garin, da Far Ings a yamma da gada. A Far Ings ne aka gyara wani ɓangare aka buɗe wa baƙi da sunan The Old Tile Works, da wurin cin abinci da shagunan masu sana'ar hannu. Daga inda bas ke tsayawa, tafiyar ƙafa ce ta bin titin Waterside zuwa bakin ruwa, sannan a juya hagu a bi ta ƙarƙashin gada. A hanya za ka wuce tsohuwar masana'antar igiya, dogon gini mai kusan mita 400, shi ma da rufin fantayil, wanda yanzu ya zama gidan baje zane-zane.

Ba za a gane abin da ake ƙoƙarin adanawa a nan ba sai an bi tayil ɗin daga rami zuwa wuta, don kowane gini an yi shi ne saboda mataki ɗaya na aikin.

Ana haƙar yumɓu da kaka zuwa hunturu a tara shi a fili. Ba sakaci ba ne barinsa a waje: ruwan sama ya jiƙa shi, sanyi ya daskarar da ruwan, ƙanƙarar ta farfasa curin, ya zama mai sauƙin kwaɓi. A Far Ings ƙaramin layin dogo mai faɗin ƙafa 2 ne ya daɗe yana kawo shi daga rami. A ɗakin niƙa yumɓun na bi ta tsakanin ƙarafa masu juyawa da ke murƙushe duk wani dutse. Dutsen da aka fi tsoro shi ne na farar ƙasa. Ko ɗan ƙarami ne kamar ƙwayar gero, idan ya shiga wuta ya toyu, daga baya zai sha damshin iska ya kumbura ya ɓalle fuskar tayil, ya bar rami mai farin ido a tsakiya. Daga nan sai injin kwaɓi, mai dogon ƙarfe da wuƙaƙe a jikinsa, ya tura yumɓun ta wani baki da aka yanka da siffar S. Yana fitowa kamar doguwar tabarma, waya na yanka shi gunduwa-gunduwa. A bayan kowane tayil, ta sama, ana barin ɗan kunne da za a rataya shi da shi a jikin katako. Ana kuma datse kusurwa biyu masu kallon juna ta karkace, don a kan rufi tayil huɗu ne ke haɗuwa a wuri ɗaya, in ba a datse ba sai su hau juna su ɗaga, ruwa ya samu ƙofa.

Girman ma tsohon zance ne. Tun ƙarni na 18 doka ta tsayar da fantayil a inci 13 da rabi tsawo, inci 9 da rabi faɗi, wato kusan milimita 343 da 241. Amma da ɗanyensa sai an yi shi ya fi haka, saboda tsakanin shanya da gashi yumɓu na iya tsukewa da kusan kashi 1 cikin 10.

Rumfunan shanya su suka fi cin fili, kuma su na fi daɗewa a ciki. Dogaye ne, gajeru a tsayi, ginshiƙan katako, a ciki kantoci hawa-hawa da ake jera ɗanyen tayil, a gefe kuma murafu da ake buɗewa ko rufewa gwargwadon iska. Babu wuta, babu fanka. Mai kula da rumfa shi ne injin: idan iska ta yi ƙarfi ya rufe gefen da take bugowa, don in fuskar tayil ta bushe cikinsa na jiƙe, sai ya tsage ko ya murɗe. In ta kwanta ya buɗe. Shanya na ɗaukar makonni, yawansu ya danganta da yanayi. Sanyi mai daskarar da ruwa kuwa in ya riski ɗanyen tayil a kan kanta, aikin makonni ya tashi a banza cikin dare ɗaya, don ruwa na ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara. Dalilin da ya sa ke nan a al'adance ake yin tayil daga bazara zuwa kaka, a bar hunturu wa haƙa da gyare-gyare.

Abin da ke kashe irin waɗannan rumfuna a fili yake ga mai duba ƙasa. A Ingila babu gara, amma damshi na yi mata aikinta. Katakon da damshinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin 100 ruɓa na kama shi, kuma gindin ginshiƙi ne ke fara tafiya, inda ruwan da ya zubo daga rufi ke fantsama. Ginshiƙi ɗaya ya nutse da ɗan yatsa biyu, layin rufi ya lotsa, tayil ya zame, ruwa ya shiga kan kantoci, sai ruɓar ta hau sama. Gyaran da ya dace ba cire ginshiƙin gaba ɗaya ba ne. Ana tokare rufin, a yanke ruɓaɓɓen gindin har inda katako ke da lafiya, a yi masa ƙari da sabon katako irinsa ta yankan karkace mai tsawo, a ɗaure da kusoshin ƙarfen da ba ya tsatsa, sannan a ɗora gindin a kan dutse ko bulo da ya ɗaga shi daga ƙasa. Kuskuren da na ga an yi a wata rumfa ta gona a hanya shi ne zuba kankare a kewaye gindin katakon. Kankaren ya zama kofi, ruwa ya taru a ciki, katakon ya ruɓe da sauri fiye da da.

Akwai wata matsala da ba ta bayyana sai an zo sauya wa rumfa aiki. Mai son mayar da ita shago ko zauren taro, abin da zai fara yi shi ne kwashe kantoci don a samu fili. To, a yawancin rumfunan shanya kantocin nan ba kaya ba ne da aka ajiye a ciki, su ne ke riƙe ginshiƙai kada su karkata. Ka cire su ba ka sa wani abin tokare ba, iskar da ke tasowa daga Humber ta tura ginin gefe guda kamar zanan da aka zare wa dirka. Idan kuma aka toshe gefuna da bango da gilashi, aka kunna abin ɗumama ɗaki, tururi na taruwa a ƙarƙashin rufin da aka gina don iska ta ratsa shi. A ganina, wurin da zai sauya wa wasu rumfuna aiki don samun kuɗin shiga, wajibi ne ya bar aƙalla ɗaya yadda take, da kantocinta da murafunta, in ba haka ba baƙo zai ga jan rufi ne kawai ya tafi bai san me aka yi a ƙarƙashinsa ba.

Matoya, wato ɗakin gasa tayil, ita ce zuciyar wurin. Irin wadda aka fi amfani da ita a nan daga baya, wuta ba ta fita ta sama. Bakunan wuta na jere a gefe, ana zuba musu kwal. A ciki akwai gajeren bango a gaban kowane baki, da ke hana harshen wuta taɓa tayil kai tsaye, ya tura shi sama zuwa bakan rufin matoya. Daga can zafin ke saukowa ta tsakanin tayil ɗin da aka jera a tsaye, ya bi ta ramukan daɓe, ya shiga hanyar hayaƙi ta ƙarƙashin ƙasa, dogon bututu ya ja shi waje. Amfanin haka shi ne zafi ya fi daidaita tsakanin sama da ƙasa. Ƙofar shiga ba ta da ƙyaure. Duk gashi sai an gine ta da bulo an yaɓe da laka, a rushe bayan an gama.

Mai gashi ba ya gaggawa a farko. Har zafi ya kai digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, ragowar ruwa ne ke fita, in aka matsa wuta tururi ya fasa tayil daga ciki. A digiri 573 ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu na kumbura farat ɗaya, kuma a wurin hucewa su tsuke farat ɗaya, don haka a hawa da sauka duk sai an bi wannan gaɓa a hankali. Tayil ɗin da aka buɗe wa ƙofa da wuri yakan fito da tsaga siririya kamar gashi da ido ba ya gani. Tsakanin 700 da 900 sai an ba wuta iska sosai don tarkacen ciyayin da ke cikin laka ya ƙone, in ba haka ba cikin tayil ya zama baƙi. Ƙarshen zafin na kaiwa wajen digiri 1,000, kuma ƙarfen da ke cikin yumɓu ne ke ba shi jan launin. Wanda bai gasu sosai ba yana shan ruwa da yawa, kuma shi sanyi ke fara ɓarewa a kan rufi. Gwajin tsoho ne, duk mai sayen tukunya ya san shi: ka riƙe shi da yatsu ka ƙwanƙwasa. Mai lafiya ya yi ƙara garau, mai tsaga ko ɗanye ya yi dum.

Matoyar da ke aiki tana tsagewa, gaskiya ne, don kowane gashi tana buɗewa ta tsuke, shi ya sa ake ɗaure ta da ƙarafa a waje. Amma waɗannan tsage-tsage masu aikin sun san su, suna cike su da laka. Wadda wuta ta mutu a cikinta ita ke cikin haɗari. Na bi gaɓar zuwa gabas wajen Barrow Haven, inda ake cin karo da ragowar tsofaffin wuraren da aka bari, kuma ciwon iri ɗaya ne ko'ina. Shekaru da yawa na hayaƙin kwal sun cika bulo da gishirin farar wuta. Muddin ginin na bushe gishirin na barci. Da ruwa ya shiga sai ya narke ya bi jiki, ya fito fari-fari a fuska yana marmashe bulo. Ƙarafan ɗauri su yi tsatsa, ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki da yawa, sai ta ɗaga layin bulo. Tsuntsu ya yar da iri a kan baka, saiwa ta bi tsaga. Hanyar hayaƙi ta ƙasa ta cika da ruwa, ta riƙa shayar da harsashi.

A nan siminti maƙiyi ne. Gishirin farar wuta idan ya haɗu da siminti cikin damshi yana haifar da wani abu mai kumbura da ke tura bulo waje. Ban da haka siminti ya fi tsohon bulo tauri kuma ba ya barin ruwa ya fita, sai ruwan ya bi ta bulon, fuskarsa ta zube, layin simintin ya tsaya cirko-cirko. Abin da ake amfani da shi shi ne kwaɓin toyayyar farar ƙasa da yashi mai kaifi, awo 1 na farar ƙasa da 2 da rabi zuwa 3 na yashi. A ƙwaƙule tsohon kwaɓi da hannu, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin layin, ba da injin yanka ba don yana cin gefen bulo. A jiƙa wurin, a cusa kwaɓin a danne, a rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara na kwanaki don kada ya bushe da sauri. Ba a yin aikin idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5. Itacen da ya riga ya yi saiwa a jikin baka ba a fizge shi, yanke shi ake yi a kashe kututturen, don saiwar na iya zama ita ke riƙe da bulon. Bututun hayaƙi kuma yana son hula mai barin iska ta wuce, da wayar kare tsawa, da mai hawa ya duba shi lokaci-lokaci. Tsofaffin bututu kan karkata ne saboda gefen da ruwan sama ya fi duka, wato kudu maso yamma a ƙasar nan, ya fi kumbura, sai ya tura kan zuwa ɗaya gefen.

An sanya gine-ginen Blyth cikin kundin gine-ginen tarihi na Ingila a mataki na biyu, matakin da fiye da kashi 90 cikin 100 na gine-ginen kundin ke ciki. A ƙarƙashin dokar kare gine-ginen tarihi ta 1990, duk wanda zai rushe ko ya sauya fasalin irin wannan gini sai ya nemi izinin ƙaramar hukuma, yin sa ba izini laifi ne. Sai dai takarda ba ta hana ruwa zuba. Abin da ya fi riƙe wurin a tsaye wani zagaye ne da dokar ta haifar ba kai tsaye ba: dubban tsofaffin gidaje da coci-coci da rumbuna masu rufin fantayil, idan za a gyara su jami'an adana tarihi kan nemi a sa tayil na yumɓu mai kama da na asali. Wannan buƙata ce ke sa a ci gaba da hura wuta a Barton, wutar kuma ita ke busar da matoya.

Gyaran rufin kansa yana da ƙa'ida. Fantayil na son gangare na aƙalla digiri 30. Kowane layi na hawa kan na ƙasa da kusan milimita 75, don haka tazarar katakon rataya na kamawa wajen milimita 268. Murabba'in mita ɗaya na cin tayil 16 zuwa 18, nauyinsa kilo 40 da ɗoriya, kusan ninki goma na kwanon rufi, amma ya fi shimfiɗaɗɗen ƙaramin tayil na kudancin Ingila sauƙi, wanda ke cin guda 60. Idan aka sauke tsohon rufi, ana ƙwanƙwasa kowane tayil a ware, kuma mai hankali na lissafin cewa wani kaso mai kauri ba zai koma ba. Tsofaffin a tara su gefe ɗaya na rufin, sababbi a ɗaya gefen, don lanƙwasar kowace masana'anta daban ce, in aka gauraya ba sa kwanciya a kan juna. Kusoshi na jan ƙarfe ko ƙarfe marar tsatsa, don baƙin ƙarfe na kumbura ya fasa ramin. Sayen tsohon tayil daga 'yan gwangwan kuwa, masu adana gine-gine da yawa ba sa so, saboda kasuwar ce ke sa a kware rufin wani rumbun a rufa wani, wani lokaci ma da dare ba da sanin mai shi ba.

A da, ƙarƙashin fantayil ana shimfiɗa karan ciyawar fadama a yaɓe da farar ƙasa mai gashin dabba don tare iska da dusar ƙanƙara. Yanzu shimfiɗar zamani ake sawa, amma ita ma da sharaɗi. Jemagu na son kwana a ƙarƙashin tudun fantayil, kuma doka ta kare su tun 1981. Zaren shimfiɗar zamani mai numfashi na harɗe musu ƙafa su mutu, don haka inda aka same su sai a koma wa tsohuwar shimfiɗar kwalta, kuma lokacin aikin sai ya kauce wa watannin da suke reno.

Da yamma na hau tudun tare ruwa na nufi kududdufan Far Ings. Kalmar ings tsohuwa ce, fadama take nufi. Ƙungiyar kare namun daji ta Lincolnshire ce ke kula da ramukan, kuma a cikin ciyawarsu wani tsuntsu dangin zalɓe da ya kusa ɓacewa daga Ingila ya dawo yana sheƙa. Kukansa kamar an busa bakin kwalba. Daga saman tudun ana ganin yadda masana'antar take a ƙasa, kusan daidai da ruwa idan teku ta ciko. A daren 5 ga Disamba 2013 tumbatsar teku ta haura tudun a wurare da dama na wannan gaɓa, ruwa ya shiga South Ferriby da Barrow Haven da Far Ings. Ruwan gishiri idan ya shiga tsohon bulo ba ya fita da janyewar ambaliya. Ana cire shi ne a hankali, a goge farin da ya fito da busasshen buroshi a kwashe, ko a yaɓa wa bangon kwaɓi mai laushi da zai tsotse gishirin a ɓamɓare a sake, wani lokaci shekara da shekaru.

Jirgin ƙasa daga Barton ba ya tsallaka Humber, gabas yake nufa zuwa Grimsby da Cleethorpes. Don haka na koma Hull da ƙafa ta kan gada, kilomita biyu da 'yan kai, iska na ture ni. Daga tsakiya na waiwaya. Rufin rumfunan ba launi ɗaya ba ne: wani sashe ja mai haske inda aka sa sababbi, wani ya yi duhu da gansakuka, kuma a layin wata rumfa ta can ƙarshe akwai ɗan lotsawa da ke nuna ginshiƙin da ke jiran kafinta.